Sauyin Yanayi a Ɗakin Lacca: Ina Labarin Magani?

A zangon karatun da ya wuce, a cikin darasin nan na bai-ɗaya wanda ake tara ɗaliban sassa daban-daban a babban ɗakin lacca, wani malami ya shafe sa'a biyu cur yana yi mana bayanin sauyin yanayi. Ba ni da ta cewa game da iliminsa, domin kuwa mutum ne wanda ya san abin da yake faɗa, kuma bai gaya mana ƙarya ko guda ba. Ya ce iskar kabon da ke sararin sama, wadda kafin zamanin masana'antu take wajen kashi 280 cikin miliyan, yanzu ta haye 420. Ya ce shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Ya nuna mana hotunan Tafkin Chadi, yadda ya tsuke daga murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Ya tuna mana da ambaliyar 2022 wadda ta hallaka mutum sama da 600 a Nijeriya, da ɓallewar madatsar ruwa ta Alau wadda ta cinye Maiduguri a watan Satumba na 2024. Da ya ƙare sai ya ce ko akwai mai tambaya. Wata ɗaliba ta miƙe daga can bayan ɗaki ta ce, "Malam, to yanzu mene ne abin yi?" Malam ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure, sai wani jiƙon. Har aka yi jarrabawa wani jiƙon bai zo ba.

Wannan tambaya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. A kan hanyarmu ta komawa ɗakin kwana na ji wani abokina yana cewa, ashe dai duk wahalar banza muke yi, tun da ƙasar da za mu koma mu yi wa aiki hamada ce za ta cinye ta. Wani kuma ya ce ai wannan ba maganarmu ba ce, Turawan da suka ɓata sama su zo su gyara abinsu. Na uku ya rufe zancen da cewa sai abin da Allah ya yi. Dukkansu akwai ƙanshin gaskiya a bakinsu, musamman na biyun, ganin cewa nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga mai da kwal da gas. Amma abin da na lura da shi shi ne, mutum uku sun fito daga lacca ɗaya, kowa da hujjarsa, kuma duk hujjojin wuri ɗaya suka nufa, wato a naɗe hannu a zauna. Alhali kuwa Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Kada a ɗauka wannan hali na abokaina ne kaɗai. A shekarar 2021 an buga sakamakon wani bincike a mujallar Lancet Planetary Health, inda aka tambayi matasa 10,000 masu shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe goma, har da Nijeriya. Kashi 59 cikin ɗari suka ce sauyin yanayi yana damunsu ƙwarai, kashi 75 kuma suka ce tunanin abin da ke gaba yana ba su tsoro. Tsoro ba laifi ba ne idan akwai abin tsoro. Sai dai tsoron da ba a nuna wa mai shi ƙofar fita ba, yanke ƙauna yake haifarwa, kuma ɗalibin da ya yanke ƙauna ba zai shuka ko itace guda ba.

Ra'ayina a nan shi ne, duk malamin da zai koya wa ɗalibi ciwon nan, haƙƙi ne a kansa ya koya masa magungunan da aka riga aka gwada, ya faɗi yadda suke aiki, da kuɗinsu, da inda ƙarfinsu ya tsaya. Likitan da ya auna majiyyaci ya lissafa masa cututtukansa dalla-dalla, sa'an nan ya sallame shi ba tare da ya rubuta masa komai ba, bai gama aikinsa ba, kome ingancin awonsa.

To, akwai maganin da ya isa a kawo shi ɗakin lacca? Akwai, kuma na farkonsa yana bisa kawunanmu kullum. A shekarar 1954 masu bincike a Amurka suka ƙera faifan farko na silikon mai mayar da hasken rana wutar lantarki ta yadda za a iya amfani da ita. Silikon ɗin nan daga yashi ake tace shi, kuma idan haske ya faɗa masa sai ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikinsa su motsa su bi waya. Faifan 1954 kashi 6 kacal cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa yake iya juyawa, ga shi da tsadar da ta sa sai taurarin ɗan'adam ake ɗaura wa shi. Na kasuwa a yau ya haye kashi 20. Amma babban labarin yana wajen farashi. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin samar da wuta daga manyan tashoshin hasken rana ya faɗi da kimanin kashi 85 cikin ɗari, batirin litiyam da ake adana wutar a ciki shi ma ya faɗi da kusan kashi 90. Sai da duniya ta yi shekara 68, daga 1954 zuwa 2022, kafin ta kafa faifan da ƙarfinsu ya kai megawat miliyan ɗaya. Miliyan na biyu kuwa cikin shekara biyu aka cika shi. Ɗalibin da aka gaya wa kashi 420 ɗin can, me zai hana a gaya masa waɗannan su ma? Ai duk lissafi ne, kuma duk gaskiya ne.

Ba kuma labarin ƙasashen nesa ba ne. A watan Satumba na 2019 an buɗe tashar wuta mai haɗa hasken rana da injin, mai ƙarfin megawat 7.1, a Jami'ar Bayero ta Kano. A 2023 an buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso, aka kuma kammala ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun 1982. Tun kafin wannan ma, Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta Nijar tun daga 1969, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki masu aiki da rana, a lokacin da yawancin duniya ke ganin abin wasan yara ne. Na tambayi 'yan ajinmu goma ko sun taɓa jin sunansa a matsayin masanin kimiyya, ban sami ko ɗaya ba.

Sai dai idan an ce fasaha, kada tunani ya tsaya ga abin da ke da waya da maɓalli. Misalin da ya fi taɓa zuciyata daga gonakin Maraɗi da Damagaram ya fito, kuma kayan aikinsa wuƙa ce da gatari. Bayan farin 1972 zuwa 1974, ƙungiyoyi sun kashe kuɗi masu yawa wajen renon 'ya'yan itatuwa da dasa su a kudancin Nijar, akasarinsu suka mutu saboda ƙishirwa da iska da awaki. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura da abin da kowane manomi ya sani amma ba a ɗauke shi a bakin komai ba: 'yan tsirran nan da ke fitowa a gona kowace shekara, waɗanda ake sarewa a ƙone lokacin sassabe, toho ne na kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Dabarar ita ce, maimakon manomi ya share tohon duka, sai ya zaɓi mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran, ya riƙa yi wa waɗanda ya bari aski, ya kare su daga dabbobi. Da yake saiwar tsohuwa ce, itacen yakan girma cikin sauri fiye da dashe nesa ba kusa ba. Manoman can suka raɗa wa abin suna sassaben zamani.

Da farko an yi wa masu yi dariya, domin a al'ada gonar da aka share fes ita ce ta manomin kirki. A yunwar 1984 aka riƙa ba mutane abinci a kan su bar itatuwa a gonakinsu, da rabon abinci ya tsaya kuwa da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari su ne suka ga amfani: ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi, ga iska ta daina binne shuka da rairayi. Wanda ya san gawo ba ya bukatar dogon bayani. Itace ne da ke kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya zubar wa dabbobi 'ya'ya. Maƙwabci ya ga na maƙwabci, gani ya kori ji. A ƙiyasin da masu bincike suka fitar a 2009, gonakin da aka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. Akwai kuma wani darasi a ciki wanda ɗaliban shari'a da na siyasa ya kamata su ji. Muddin doka tana cewa itacen da ke gonarka na gwamnati ne, kuma ma'aikacin gandun daji zai ci ka tara idan ka taɓa reshensa, babu manomin da zai rene shi. Sai da aka sassauta wannan, aka zo da dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004, manomi ya sami natsuwar cewa abin da ya rena shi zai mora. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya raya tsohuwar dabarar haƙa 'yan ramuka ana zuba taki domin tare ruwan sama, wadda a ƙasar Adar ake kira tassa. Da tsohuwar zuma ake magani. Duk wannan ya faru ne a maƙwabtan Katsina da Daura, a bakin mutane masu magana da harshen da muke nazari, amma mu a nan sai a littafin Turanci za mu ci karo da labarin, in ma mun ci karo da shi.

Haka kuma marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tashi daga yashin shi ke janye zafi daga tukunyar ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Yalon da kan lalace a kwana 3 sai ya kai kwana 27. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Na san abin da wasu malamaina za su ce, kuma ban raina shi ba. Za su ce idan aka cika wa ɗalibi kunne da labarin fasaha, zai saki jiki ya ɗauka an gama, masu ƙona mai da kwal kuma su sami mafaka su ci gaba da abin da suke yi, suna cewa injiniyoyi za su share bayansu. Wannan tsoro yana kan hanya, domin kasuwar nan cike take da masu romon baka. Amma a ganina wannan hujja ce ta a koyar da abin, a koyar da shi da ma'auni a hannu. Bari in ba da misali. A 2021 kamfanin Climeworks ya buɗe wata tasha a ƙasar Ayisland mai suna Orca, wadda ke zuƙo iskar kabon daga sama a tura ta ƙarƙashin ƙasa ta zama dutse. Jaridu suka yi ta yayata ta. An gina ta ne don ta kama tan 4,000 a shekara. Duniya kuwa tana fitar da wajen tan biliyan 37 a shekara daga mai da kwal da gas da siminti. Duk ɗalibin da aka ba alli ya raba wannan da yawan sakan da ke cikin shekara, zai ga cewa aikin tashar na shekara guda bai kai abin da duniya ke fitarwa cikin sakan huɗu ba. Wanda ya yi wannan lissafi da hannunsa sau ɗaya, ba mai sake ruɗinsa da hoton na'ura mai ƙyalli. Wanda ba a taɓa nuna masa ba kuwa, ranar da ya zama babban sakatare ko kwamishina, shi ne zai sa hannu a kan kwangilar da ɗan kasuwa ya kawo masa da daɗin baki.

Ko magungunan da na yaba a sama, kowanne da nasa cikas. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, manoman fadama da yawa sun koma ga injin ban-ruwa mai aiki da rana, abin farin ciki ne. Amma da can tsadar mai ita ke sa manomi ya kashe injin. Yanzu da rana kyauta ce, me zai hana shi zuƙar ruwa tun hantsi har la'asar? Idan ba a auna ruwan ƙarƙashin ƙasa ba, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Batiran da ake haɗa wa faifan rana a gidajenmu da yawansu na dalma ne, kuma wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a wuraren haƙar zinariya a 2010, zai so ya san inda mataccen batir yake ƙarewa da wanda ke fasa shi. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faifai idan ba a goge su. Tukunyar Bah Abba da damina ba ta sanyi sosai, domin iska ta riga ta ƙoshi da laima. Shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, mai burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, rahoton 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan 4 aka yi a cikin yankin da aka shata masa. A ajiye wannan kusa da miliyan 5 na manoman Nijar, a bar ɗalibai su yi muhawara a kan dalilin bambancin. Wannan muhawara kaɗai ta isa lacca guda, kuma na tabbata ba wanda zai yi gyangyaɗi a cikinta.

Wataƙila mai karatu ya ce, to ina ruwan Sashen Hausa da wannan, ai aikin 'yan kimiyya ne da 'yan aikin gona. Ruwanmu ne tsundum. Manomin da zai bar toho a gonarsa, da matar da za ta sauya murhu, da yaron da zai koyi gyaran injin rana a bakin kasuwa, da Hausa za a yi musu bayani, a rediyo ko a dandali ko a wayar hannu, kuma mu ne za mu zama masu fassara da masu gabatar da shirye-shiryen da malaman makarantun. Yanzu haka kalmominmu a wannan fage ba su zauna ba. Kalmar yanayi ita muke amfani da ita ga halin da sama ta wayi gari da shi yau, ita ce kuma muke amfani da ita ga tsarin zafi da ruwan sama na shekara talatin. Shi ya sa idan aka yi hunturu mai tsanani sai ka ji mutum ya ce, ina ɗumamar da ake faɗa? Iskar kabon kuma wani ya ce mata hayaƙi, wani ya ce gurɓatacciyar iska, alhali ba a ganinta, ba ta da wari, ita muke fitarwa a numfashi, da ita kuma tsirrai ke haɗa abincinsu. Yawanta ne ya zama illa. Mutumin da aka gaya wa hayaƙi ne, idan ya ga injin da ba ya hayaƙi sai ya ɗauka ba ya ɓarna. Kuskuren fassara ke nan ya zama kuskuren fahimta, kuma gyaransa a teburinmu yake.

Ba sabon aiki ba ne a gare mu. Tun 1949 R. M. East da Abubakar Imam suka fara fitar da littafin Ikon Allah, suna bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausar da ɗan firamare zai gane. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad. In an iya yi wa ilimin furuci da ginin jimla kalmomi, ban ga abin da zai gagara ba a kan batir da faifan rana. Kuma kafin mu zauna ƙirƙira, sai mu fara da tattara abin da ke bakin mutane, domin wanda ya ce sassaben zamani ba a ɗakin taro ya samo ta ba, kuma babu kwamitin da zai ƙirƙiro wadda ta fi ta.

Saboda haka roƙona ga malamaina masu tsara manhaja shi ne, a darasin bai-ɗaya a ware wa magani aƙalla sulusin lokacin da ake ba sauyin yanayi, kuma ya shiga jarrabawa, domin mu ɗalibai mun san abin da ba ya fitowa a jarrabawa ba ya shiga kai. A ba kowane rukuni dabara guda su bincika: nawa ne kuɗinta, wa zai gyara ta a ƙauye idan ta lalace, wa ke cin ribarta, me take bari a baya idan ta mutu. A sashenmu kuma, a darasin fassara, maimakon a yi ta ba mu tsofaffin jawaban da aka fassara sau ɗari, a ba mu hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, ko takardar bayanin irin geron nan SOSAT mai saurin nuna, mu fassara, a kai wa manomi na gaske a karanta masa a ga ko ya gane. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa, wadda kowace shekara take kai mu ganin ganuwa da gidajen tarihi, ba za ta rasa komai ba idan shekara guda ta kai mu tashar hasken rana ko gonar da aka rena gawo, tare da ɗaliban kimiyya a mota ɗaya, su yi mana bayanin waya mu yi musu bayanin kalma.

Ni dai na riga na shaida wa malamin da zai duba aikina cewa a kan kalmomin sassabe da sunayen itatuwan gona zan rubuta kundina na kammala digiri. Da hutun nan zan fara da gonar kawuna, inda bara na ƙirga kututture goma sha bakwai na kalgo da sabara da gawo duk sun yi toho, aka sare su aka cinna musu wuta kafin ruwan shuka ya sauka.